Yaƙin Mutanen Kareliya ta Arewa da Hawan Jini

Kareliya ta Arewa lardi ne a gabashin ƙasar Finlan, kan iyakarta da Rasha. Ƙasa ce mai tsananin sanyi da dazuzzuka. A da, yawancin mazanta masu saran katako ne da makiyayan shanu. Abincinsu man shanu ne da madara mai kauri da nama ko kifi da aka adana da gishiri, ga kuma shan taba. Binciken da Ancel Keys da Martti Karvonen suka fara tun kafin 1960 ya nuna cewa, cikin ƙasashe bakwai da aka gwada, babu inda ciwon zuciya ya ke kashe maza kamar gabashin Finlan. Magidanci yakan faɗi yana ɗan shekara 40 ko 50, ya bar mata da marayu.

Mutanen lardin ne da kansu suka fara kuka. A 1971 Gwamna Esa Timonen da wakilan jama'a suka kai takardar roƙo ga gwamnati a Helsinki. A 1972 aka kafa shirin, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, aka ɗora wani matashin likita, Pekka Puska, a kan aikin.

Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama, gama mutum yakan daɗe da shi bai sani ba. Saboda haka ma'aikatan jinya suka riƙa awon jinin mutane a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, aka buɗe littafin sunayen waɗanda aka samu da shi, a na kiransu lokaci lokaci don a tabbata ba su bar magani ba. Sa'an nan aka shiga ta hannun ƙungiyar matan gida mai suna Martta, wadda ta koya wa mata girki da kayan lambu, da rage kitse da gishiri. Aka lallashi masu gidajen burodi da masu sarrafa nama su ma su rage. Masu sana'ar madara sun yi gardama, don abin ya taɓa cinikinsu, har aka taimaki waɗansu manoma su koma noman 'ya'yan itatuwa.

A 1977 aka yaɗa aikin ko'ina cikin ƙasar, a 1993 kuma doka ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin abincin da gishirinsa ya yi yawa. Shirin ya ƙare a 1997. Cikin shekara 40 da farawarsa, mutuwar mazan lardin masu ƙarfin aiki ta hanyar ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Masu bincike sun danganta mafi yawan wannan ragi ga saukar hawan jini da kitsen jini da barin taba, watau ga abin da aka sake a madafa da kasuwa.