Inganta Ƙaramin Rishon Sifirit na Gwangwani: Nazari kan Inda Zafi ke Salwanta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi amfani da lissafin makamashi domin gano inda zafi ke ɓacewa a ƙaramin rishon da ake haɗawa da gwangwanin lemo. Nazarin ya nuna cewa mafi yawan asarar tana faruwa ne tsakanin harshen wuta da tukunya. Don haka gyaran mazaunin tukunya, murfi da kariyar iska ya fi ƙara hudoji a jikin gwangwani amfani.

Gabatarwa

Girki da sifirit ya daɗe a duniya. A shekarar 1951 kamfanin Trangia na ƙasar Suwidin ya fito da rishonsa na matafiya, wanda ya haɗa kan wuta, kariyar iska da tukunya wuri guda. A Afirka kuma, ƙungiyar Project Gaia ta raba risho mai aiki da etanol a sansanin 'yan gudun hijira na Kebribeyah a Habasha, ta kuma gwada shi a Jihar Delta ta Najeriya. Na gwangwani shi ne mafi araha: a yanke gindin gwangwani biyu, a cusa ɗaya cikin ɗaya, a huda bakin da allura. Idan sifirit ya yi zafi, tururinsa ne ke fita ta hudojin ya kama da wuta. Ya kamata a sani cewa sifirit ɗin ƙonawa ana gauraya shi da sinadaran da ke hana shansa.

Hanyar Nazari

An bi tsarin gwajin tafasa ruwa, wanda ma'aunin ISO 19867-1 na 2018 ya ginu a kan irinsa. Inganci a nan na nufin kason zafin da ya shiga ruwa daga cikin dukkan zafin da man ya saki. Kowane giram na etanol yana ba da kimanin kilojul 26.8, na metanol kuwa 19.9 kacal. Kai rabin lita na ruwa daga digiri 25 zuwa 100 yana buƙatar kimanin kilojul 157.

Sakamako da Tattaunawa

Da babu asara ko kaɗan, mililita 7.4 na etanol zai wadatar, ko mililita 10 na metanol. Rishon da ya sha mililita 15 na etanol kafin ruwan ya tafasa, ingancinsa bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Ina ragowar ya tafi?

Babban ɓarawon shi ne iska. Harshen wutar sifirit ba shi da ƙarfin turi kamar na gas, iska kaɗan sai ta kwantar da shi gefe, zafin ya wuce bai taɓa gindin tukunya ba. Maganin shi ne zagaye risho da tukunya da fallen alminiyam, a bar 'yar tazara a kewaye, a kuma huda ƙasan fallen. Hudojin ƙasan nan wajibi ne, domin kowane giram na etanol yana buƙatar kimanin giram 9 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan aka matse kariyar da yawa, zafi ya taru, sifirit ya yi ta tafasa da sauri, wuta ta fi ƙarfin tukunya tana lasar gefenta. Mai kallo zai ɗauka rishon ya yi kyau, alhali mai ne ke tafiya a banza. A ra'ayin wannan nazari, nan ne masu ƙira suka fi yin kuskure, suna auna saurin tafasa su manta da yawan man da aka ƙone.

Tazarar tukunya ma tana da tasiri. Masu ƙira sun fi amincewa da santimita 2.5 zuwa 3. Idan tukunya ta sauko sosai, sanyin gindinta yana katse ƙonewa, iskar kabon monoksayid mai guba ta ƙaru. Idan ta yi sama, zafi ya watse. Tukunya mai faɗin santimita 14 tana da gindi kusan ninki biyu na mai santimita 10, saboda haka ta fi kama zafi.

Murfi kuwa yana da amfani wajen tare tururi, domin kowane giram na ruwa da ya tashi a tururi yana tafiya da kilojul 2.26. Giram 10 kawai ya cinye kusan kashi 14 cikin ɗari na zafin da ake buƙata.

Sifirit mai ruwa da yawa, irin na goge rauni, yana ba da wuta mai rauni. Sannan etanol ba ya fitar da isasshen tururin kamawa ƙasa da digiri 13, abin da ke sa kunna shi wahala da asubahin hunturu. Ɗora rishon a kan katako maimakon siminti mai sanyi yana rage wannan matsala.

Shawarwari

Ana kira ga sassan injiniya na jami'o'i da kwalejojin kimiyya su gwada waɗannan gyare-gyare ɗaya bayan ɗaya, da tukwanen da ake amfani da su a gidajenmu, tare da auna hayaƙin. Masu amfani kuma su kiyaye: wutar sifirit ba a cika ganinta da rana ba, don haka kada a ƙara mai sai gwangwanin ya huce. Kada a kunna shi a rufaffen ɗaki, kuma a nesanta metanol daga yara, domin ɗan kaɗan daga cikinsa yana makantarwa.