Ramin Kamiyoka da Ƙwayar da ke Sauya Kama

A lardin Gifu na ƙasar Japan akwai wani ramin haƙar ma'adini a ƙarƙashin Dutsen Ikeno, kusa da garin Kamiyoka. A nan ne wani shehun malami, Masatoshi Koshiba, ya sa aka gina tanki cikin 1983, aka cika shi da ruwa tan 3,000. Nufinsa ya ga ko furoton, wadda ke cikin cibiyar kowace ƙwayar zarra, ta kan wargaje don kanta. Har yau ba wanda ya ga haka.

Abin da ya riƙa damunsu cikin aikin kuwa shi ne nutirino, wata ƙwaya mai ratsa dutse da ƙarfe kamar babu su. Ana samunta sa'ad da ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya suka yi karo da iskar duniya. Bisa ga lissafi, kamata ya yi a sami nutirino biyu irin na muwon ga kowace ɗaya irin ta ilektaron. Da wani almajirin Koshiba, Takaaki Kajita, ya ƙidaya, sai ya ga na muwon sun kasa ƙwarai. Aka buga wannan cikin 1988, amma masana da yawa suka ɗauka kuskuren na'ura ne.

Gardama ba ta kashe irin wannan magana, sai awo. Saboda haka cikin 1996 aka buɗe Super-Kamiokande, tanki mai ruwa tan 50,000, da idanun gilashi fiye da 11,000 jere a bangonsa. In nutirino ta bugi ruwan, sai wani ɗan haske ya fita, idanun su nuna irinta da inda ta fito.

To, ga abin da aka gani. Waɗanda suka sauko daga bisa, watau masu gajeriyar tafiya, sun cika daidai. Amma na muwon da suka ɓullo ta ƙasa, bayan sun ratsa duniya wajen mil 8,000, kusan rabinsu babu. Ashe ba ɓata suka yi ba, rikiɗa suka yi a hanya suka koma iri na uku, wanda a ke kira tau. Rikiɗar nan kuwa ba ta yiwuwa sai in nutirino tana da nauyi, abin da a dā aka ɗauka ba ta da shi.

Kajita ya bayyana wannan a taron masana a garin Takayama cikin watan Yuni 1998. Cikin 2015 aka ba shi lambar Nobel tare da Arthur McDonald na Kanada.