Amanar da ke kan mujallun ilimi: darasi daga maƙalu biyu kan maganin korona

Mujallar ilimi ita ce inda masu bincike ke wallafa sakamakon aikinsu domin sauran masana su karanta, su gwada, su ɗora a kai. Na farko da aka sani sun fito ne a shekarar 1665, wato Journal des sçavans a birnin Paris da Philosophical Transactions a Landan. A yau, abin da ya bambanta irin wannan mujalla da jarida shi ne tantancewa: kafin a buga maƙala, edita kan tura ta ga masana biyu ko uku na fannin su duba ko hanyar binciken ta inganta, ko kuma alƙaluman sun goyi bayan abin da marubuci ya faɗa. Da zarar ta fito, likitoci da hukumomi da malaman jami'a kan ɗauke ta a matsayin hujja. Wannan ya sa wallafa ta zama amana, kuma nauyinta na kan marubuci da mai tantancewa da edita da kamfanin da ke buga mujallar.

Waɗanda suka tsara ƙa'idojin

Babu wata doka guda ta duniya a kan wannan aiki, amma akwai ƙa'idojin da aka fi yarda da su. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda ta shimfiɗa sharuɗɗan gudanar da bincike a jikin ɗan'adam. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na Kanada, taron da ya haifar da kwamitin ICMJE. A 1997 kuma aka kafa kwamitin COPE a Birtaniya, wanda ke ba editoci shawara kan abin da za su yi idan aka zargi wata maƙala da maguɗi.

Abin da ke kan kowane ɓangare

Marubuci ba shi da izinin ƙirƙiro alƙaluma, ko sauya su, ko ɓoye waɗanda ba su dace da burinsa ba. Bai kamata ya kwashi aikin wani ya sa sunansa ba, ko ya tura maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Idan binciken ya shafi mutane, sai ya samu amincewar kwamitin ɗa'a da kuma yardar su waɗanda za a yi binciken a kansu. Dole ne kuma ya bayyana wanda ya ba shi kuɗin aikin, da duk wata maslaha da yake da ita a cikin sakamakon.

Sa suna a kan maƙala ma yana da sharaɗi. A tsarin ICMJE, marubuci shi ne wanda ya yi aiki na gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda a tuhume shi idan aka ga kuskure. Sa sunan shugaban sashe don girmamawa kawai ya saɓa wa wannan ƙa'ida, haka ma cire sunan ɗalibin da ya yi wahalar aikin. A 2023 COPE ta ƙara da cewa ba za a lissafa manhajar ƙirƙirarriyar basira a matsayin marubuci ba, tunda ba ta iya ɗaukar alhaki.

Mai tantancewa zai riƙe sirrin abin da aka ba shi, ba zai ci gajiyarsa kafin a buga ba, kuma zai janye idan marubucin abokin aikinsa ne ko abokin hamayyarsa. Edita zai yanke hukunci bisa ingancin aiki, ba tare da duba sunan marubuci ko ƙasarsa ba, kuma shi ne ke da alhakin gyara kuskure a fili bayan an buga.

Maƙalar Marseille

A watan Maris na 2020, tawagar Farfesa Didier Raoult ta birnin Marseille a Faransa ta wallafa wata maƙala a mujallar International Journal of Antimicrobial Agents. Ta ce maganin haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro, yana rage ƙwayar cutar korona a jikin majinyaci. Mutum 36 kacal aka yi nazarinsu. An kuma cire mutum shida daga cikin waɗanda aka ba maganin kafin a yi lissafi, alhali uku daga cikinsu an kai su sashen kulawar gaggawa ne, ɗaya kuma ya rasu.

An karɓi maƙalar cikin kwana ɗaya da miƙa ta, kuma babban editan mujallar na cikin marubutanta. Ƙungiyar masana da ke da hannu a mallakar mujallar ta ce ba shi ne ya kula da tantancewar ba, amma tun a watan Afrilun 2020 ta amsa cewa aikin bai kai matsayin da take buƙata ba. A lokacin labarin ya riga ya zagaye duniya. Shugaban Amurka Donald Trump ya yaba wa maganin, ƙasashe irin su Senegal da Moroko sun sa shi cikin tsarin jinyarsu, a Legas kuma hukumomin lafiya sun ba da rahoton mutanen da suka sha kulorokwin fiye da kima. Sai a watan Disamban 2024 aka janye maƙalar, bisa dalilan da suka haɗa da shakku kan amincewar ɗa'a da kuma hanyar binciken.

Maƙalar The Lancet

Ranar 22 ga Mayun 2020, mujallar The Lancet ta Birtaniya ta buga wani bincike da ya faɗi akasin haka. Ya ce an duba bayanan majinyata sama da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, aka ga maganin yana ƙara haɗarin mutuwa. Kwana uku bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin, Faransa kuma ta soke izinin ba da shi ga masu korona a asibiti.

Bayanan sun fito ne daga wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Surgisphere. 'Yan jarida suka gano cewa adadin mamatan da aka lissafa a Ostireliya ya zarce na hukuma. Masana sama da 100 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda suka ce, a cikin sauran abubuwa, alƙaluman Afirka sun yi yawan da da wuya su zama gaskiya. Da aka nemi kamfanin ya miƙa bayanan don bincike mai zaman kansa, sai ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni uku daga cikin marubutan huɗu suka nemi a janye maƙalar, suna cewa ba za su iya tabbatar da sahihancin bayanan ba. Daga baya The Lancet ta sauya tsarinta, ta wajabta cewa sama da marubuci ɗaya ya ga ainihin bayanan da idonsa ya kuma tabbatar da su.

Maƙalun biyu sun saɓa wa juna a kan magani ɗaya, kuma duka an janye su. Amsar tambayar ta zo ne daga babban gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya sanar a watan Yunin 2020 cewa maganin bai rage mace-mace a tsakanin majinyatan da ke kwance a asibiti ba. A duka biyun gaggawa ce ta rinjayi tantancewa, kuma sunan marubuci ko na mujalla bai hana kuskure ba.

Janyewa da mujallun bogi

Janye maƙala ba ya nufin goge ta. Ana barin ta a inda take, a yi mata tambari, a kuma bayyana dalili. Shafin Retraction Watch, wanda aka kafa a 2010, yana bibiyar irin waɗannan matakai. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000, mafi yawansu daga mujallun Hindawi da kamfanin Wiley ya saya, bayan an gano masu sayar da maƙalun ƙarya sun kutsa cikinsu.

Akwai kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya tura wata maƙalar ƙarya mai kurakurai a bayyane ga mujallu 304, kuma 157 suka amince su buga ta. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Alamomin irin waɗannan mujallu sun haɗa da saƙon gayyata na yabo da ba a nema ba, alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, da ɓoye kuɗin da za a biya sai an karɓi maƙala.

Abin da ya shafi jami'o'in yankin

A Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashen da ke cikin majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 take kuma da mazauni a Wagadugu, maƙalun da malami ya wallafa na cikin manyan abubuwan da ake dubawa kafin a ƙara masa girma. Majalisar na da kundin ɗa'a na kanta. A jami'o'in Najeriya ma ana tura maƙalun mai neman farfesa ga masana na waje su auna. Wannan matsin lamba ne masu mujallun bogi ke fakewa da shi. Kafin ya biya ko sisi, mai bincike zai iya duba ko mujallar na cikin kundin DOAJ ko na AJOL mai tattara mujallun Afirka, ya kuma tabbatar cewa masanan da aka jera a kwamitin editocinta sun san da zaman sunayensu a wurin.