Takunkumin Kyuba da Ƙuri'un Florida

Tazarar da ke tsakanin Kyuba da Florida kusan kilomita 145 ce. Tun 1962 da Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba wa tsibirin takunkumi, tsallaka wannan ruwa ya zama batun siyasa a Amurka. Dubban 'yan Kyuba da suka guje wa mulkin Fidel Castro sun zauna a Miami, ga shi kuma a shekarun baya Florida ta kasance jihar da ƙuri'u kaɗan kan iya juya akalar zaɓenta.

Shi ya sa tsauraran matakai suka riƙa faɗowa a shekarun zaɓe. A 1992 Bush babba ya sa hannu kan dokar Torricelli a Miami, ana saura 'yan kwanaki a kaɗa ƙuri'a. A 1996 Clinton ya amince da dokar Helms-Burton, wadda ta danƙa wa majalisa ikon ɗage takunkumin. A 2004 Bush ƙarami, wanda ya ci Florida da ratar ƙuri'a 537 kacal a 2000, ya taƙaita ziyarar dangi zuwa sau ɗaya cikin shekara uku.

Matakin ya fusata waɗanda iyayensu ke can. Obama ya yi alkawarin soke shi, ya ci Florida a 2008, ya cika alkawarin a 2009. Castro ya rasu a 2016, takunkumin bai kifar da gwamnatin Kyuba ba.