Goriya, Marsa da Minu: Tarihin Gwanayen Ɗanɗanon Goro

A wani ɗaurin aure da na halarta a Gidan Sori bayan girbin gero, an kawo goro a faranti, alawa da dabino a gefe. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta a tafin hannu, ya ɓare ta dab da kunnensa, ya gutsura, ya yi shiru. Can ya ce: "Wanga sabon goro na, ruwa bai tsane mai ba." Abokinsa ya karɓi ɗaya ɓarin ya tauna, ya girgiza kai: "A'a Alhaji, daushe na, wurin ajiya anka ɓata shi." Har aka shafa fatiha ba su daidaita ba. Samarin da ke bayanmu alawa suka kwasa, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda na taɓa koyarwa, ya matso ya tambaye ni ko mene ne daushe. Tambayar nan tasa ita ce dalilin wannan rubutu.

Kowace al'umma tana da abin da gwanayenta ke zama su ɗanɗana su kwatanta. A jihar Kentaki ta Amurka akwai wata barasa da ake kira burbon. Dokar ƙasar ta ce sai masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka yi ta da shi, kuma sai an ajiye ta cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. A 1964 majalisar dokokinsu ta ayyana ta a matsayin abin da Amurka ta keɓanta da shi. Masu sha'awarta suna gardama kan shekarun ajiya da ƙamshi da ɗanɗano, sun kuma cika littattafai da kalmomin gardamar. Mu addininmu ya haramta mana barasa, kuma ba kwaɗayinta ya sa na ambace ta ba. Na ambace ta ne domin su sun rubuta nasu sun adana, mu kuwa namu ilimin ɗanɗanon, wanda ya girmi ƙasar Amurka kanta, yana bakin tsofaffi ne kawai. Haramcin barasar ma yana cikin abin da ya ɗaukaka goro a ƙasashen Musulmi na Afirka ta Yamma, don shi ne abin wartsakewa da malami da sarki da manomi za su ci a bainar jama'a ba tare da kunya ba.

Abin mamaki shi ne bishiyar goro ba ta yi a ƙasar Hausa. Kurmi take so, mai inuwa da ruwan sama mai yawa. Sunan ma baƙo ne: Bambara suna cewa woro, Wolof suna cewa guro, Zabarmawa da Fulani da Barebari suna cewa goro kamar mu. Wannan yana nuna cewa daga yamma ya biyo ƴan kasuwa, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Littafin ya kuma ce Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma ita ce ta fara samun goro a ƙasar Hausa. Masana sun saɓa kan ƙarnin da Amina ta rayu, wasu sun ce na 15, wasu na 16, amma labarin ya nuna cewa da farko goro kyautar sarakuna ne. A zamanin Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, littafin ya ce an buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja.

Gwanja tana arewacin Gana ta yau, kuma babbar kasuwarta ita ce Salaga. Can ne Asante ke kawo goron kurminsu, can ne fataken Hausa ke zuwa saye. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan Salaga. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, ana sauka zango-zango, ana biyan fito da kuɗin hanya ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Abin da suke kaiwa ya haɗa da kanwa, da tufafin saƙi da na rini, da kayan fata, da busasshen ganyen albasa, da dabbobi. Kada mu ɓoye wa yaranmu cewa har da bayi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafin da ya fitar a 1980 kan wannan fatauci, ya nuna cewa jama'a uku ne suka fi riƙe shi a ƙarni na 19: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Buzaye ta arewa ne, da Kambarin Barebari, waɗanda cibiyarsu take Gummi.

Ƙasarmu ta Gobir da Katsinar Maraɗi tana gefen wannan hanya, kuma yaƙi ya sha raba ta da ita. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, zuriyar sarakunan Katsina suka kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shekaru da yawa ana kai hari tsakanin nan da ƙasashen daular Sakkwato, dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina ya zama wurin tsoro. Duk da haka ayari bai daina ratsawa ba. A Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ayarin gishirin Abzinawa ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu, abokin tafiyarsa Overweg kuma ya ziyarci Maraɗi da Gobir.

Barth ya bar mana lissafin da ya kamata kowane malamin tarihi ya sani. Ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga Kano a shekara ya wuce kayan jaki 500, kuma kayan jaki ɗaya, in ya iso lafiya, ana sayar da shi wajen wuri 200,000. Ya kuma ce a lokacin iyali guda na iya ci da sha da sutura shekara ɗaya da wuri 50,000 zuwa 60,000. Ke nan kayan jaki ɗaya ya isa riƙe gida fiye da shekara uku. Abin da ke da irin wannan tsada, kuma yake saurin lalacewa, dole ya haifi gwanaye. Wanda bai iya bambance mai kyau da mai sankara ba, jarinsa ne zai ƙone.

Shi Barth ɗin ya rubuta yadda Kanawa ke kasa goro. Ta fuskar girma kashi huɗu ne: goriya, wadda ita ce babba mai tsada, sai marsa, sai saran waga, sai minu, ƙanana. Waga ita ce jakar fata da ake ɗora wa jaki. Ta fuskar lokacin tsinka kashi uku ne: jan karago, na farkon kaka, mai saurin lalacewa, gamagari, na tsakiyar kaka lokacin da yawancin ƴaƴan suka nuna, da nata, na ƙarshe, ƙanana amma masu jure ajiya. Bayan waɗannan akwai bambancin iri. Goron da Bahaushe ke so mai ɓari biyu ne. Hannun ruwa, mai ɓari uku ko fiye, yana da yauƙi, shi ya sa gwanaye ke raina shi, ko da yake a wajen Yarabawa da Ibo irin mai ɓari da yawa ne ke da daraja a al'ada. Akwai kuma goron Laboji na ƙasar Nupe, wanda ya yi suna har ya zama na fadar Etsu Nupe da kyautar manya. Namijin goro kuwa suna kawai ya ara, bishiyarsa daban ce.

Ga amsar ɗalibina. Daushe shi ne goron da ya kwana, wanda aka ajiye watanni har ya shiga wata kakar. Ana jera shi cikin ganye a huhu, ana yayyafa ruwa a bayan buhun don kada ya bushe, ana kwancewa lokaci-lokaci a canza ganye a tsince wanda sankara ta kama kafin ta bi sauran. In an iya ajiyar, ruwan jikinsa yana raguwa, baurinsa yana kwantawa, garɗinsa yana fitowa. In ba a iya ba, ya yamutse ko ya ruɓe. Shi ya sa daushe ya fi sabo tsada: kuɗin wahalar mai ajiya ne da asarar da ya yi a hanya. Gwani yana duba santsin fata da nauyi a hannu, yana sauraron ƙarar ɓarewa, yana duba launin ciki, fari ko ja, sannan ya tauna ya jira. Ɗacin farko ba shi ne hukunci ba. Hukuncin yana ga zaƙin da ke biyo baya, musamman in an kurɓi ruwa. Shirun da dattijon nan ya yi a Gidan Sori, wannan zaƙin yake jira.

Hanyar Gwanja ta mutu a hankali. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, kuma yaƙin basasa na 1892 ya watse kasuwar garin. Malamin nan Bakano, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a 1858, yana cikin waɗanda suka bar Salaga suka koma Kete Karachi, inda ya rasu a 1934. Fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale daga Bebeji, yana cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan sabuwar hanya kafin ya shiga cinikin gyaɗa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman ƙasar Yarabawa, a Agege da Ota da Shagamu, suka dasa irin goron Gwanja, Hausawa suka kafa unguwannin Sabo suna saye suna turowa arewa. Daga nan ne aka samu zancen nan na Najeriya, cewa Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ke ci, Ibo ke girmama shi. Yau goron da ke zuwa kasuwannin jahar Maraɗi a mota yake zuwa, wani daga kudancin Najeriya ta Kano da Katsina, wani daga Gana da Kodebuwa, inda garin Anyama ya zama babbar cibiyarsa. Abin da ya fara a matsayin kyautar sarauniya ya zama abin da talaka ke saye da canjin aljihunsa.

Goron ma ya ƙetare teku. A 1886, da birnin Atlanta ya hana sayar da barasa, wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya sake fasalin wani abin sha nasa mai giya ya fitar da marar giya. Rabin sunan Coca-Cola daga sunan goro a bakin Turawa yake. Yaron da ke riƙe da kwalbar a wurin biki, yana raina goron kakansa, bai san dangantakar ba, don ba wanda ya faɗa masa.

Ba ina kiran iyaye su koya wa yara cin goro ba ne. Yana da sinadarin da ke hana barci irin na kofi, yawansa yana wahalar da mai gyambon ciki, yana kuma rina haƙora. Kalmomin nake jin tsoron mu rasa. Har yanzu muna cewa goron gayyata, goron sallah, goron albishir, ko da kati ne ko kuɗi aka miƙa. Amma goriya da marsa da minu da waga da huhu, da ƙwarya a ma'anar goro ɗari, suna tafiya tare da masu faɗinsu. Kowace ɗaya tana ɗauke da wani yanki na tarihin kasuwanci da ya haɗa Gobir da Asante tun kafin Faransa da Ingila su ja iyaka a tsakaninmu.

A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar. Harshen ƙasa yana bukatar abin karantarwa, kuma ga shi a ƙofar gida. Malamin labarin ƙasa zai iya sa yara su zana hanyar Kano zuwa Salaga a taswira, su ƙirga ƙasashen yau da ta ratsa. Malamin lissafi yana da wurin Barth da kayan jakinsa. Malamin Hausa zai iya tura kowane ɗalibi wajen kakansa ko wajen mai tiren goro na kasuwa, ya rubuto sunayen goro biyar da ma'anarsu, a haɗa a littafi guda a ajiye a makaranta. Iyaye kuma, in an kawo goron suna ko na aure, ku bar yaro ya zauna kusa da dattawa ya ji gardamar.

Ɗalibin nawa na tura shi wajen dattawan nan biyu da takarda da alƙalami. Ya dawo da kalmomi goma sha ɗaya, uku daga ciki ni ma ban taɓa jin su ba. Ya ce har ya baro su ba su daidaita kan goron ranar nan ba. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon rubuta abin da ke bakinsu tun suna raye.