Amosani a bakin Shuɗin Nilu: tarihin ciwon da bai da mai shi

A bakin Bahaushe, kalmar amosani buhu ce mai ɗaukar kaya iri-iri. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta ruku'u tana da amosani. Yaron da ke kwana yana kuka da ciwon ƙashi, a ce amosanin jini ne. Matar da yatsunta suka kumbura har ta kasa tuƙa tuwo, a ce sanyin ƙashi ya shige ta. Da wannan fahimta kakanninmu suka ɗauki hanyar gabas, kuma da ita jikokinsu ke rayuwa a ƙauyukan Jazira da Sinnar har yau.

Mai karatu zai tuna cewa bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a. Wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin da suka kafa kuma ya ɗauki sunansa. Sun tarar da alhazan ƙafa da suka riga su, wasu kuma suka biyo baya. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babbar gonar audugar Jazira, sai ƙwadago ya ja dubban Hausawa da Fulani da Barebari. Ƙalilan suka sami gonar haya, wadda ake kira hawasha. Mafi yawa sun zauna a unguwannin 'yan ƙwadago da ake kira kambo, suna shuka, suna cira, suna tsinkar auduga a sunkuye daga hantsi zuwa la'asar.

Likitancin Turawa ya riga gonar isowa. Tun 1903 akwai ɗakin binciken Wellcome a Khartum, a 1924 kuma aka buɗe makarantar likitoci ta Kitchener. Sai dai idon hukuma yana kan cutar da ke kwantar da ma'aikaci a lokacin girbi. Magudanan ban-ruwa sun haifi sauro da dodon koɗi, suka yaɗa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Ko babban shirin lafiya na Shuɗin Nilu, wanda gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara a 1979, waɗannan biyu da gudawa ya sa a gaba. Ba laifi ba ne, domin suna kisa. Amma ciwon gaɓɓai ya zauna ba mai shi. Aka bar shi ga wanzami da ƙahonsa, da maɗori wanda Larabawan Sudan ke kira basir, da malami da rubutun sha.

Abin da ke cikin buhun nan kuwa ba ɗaya ba ne, kuma a nan haɗarin yake. Akwai zaizayewar gwiwa ta tsufa da aikin wahala. Akwai sikila, wadda ake gadonta, kuma sananniya ce a tsakanin 'yan asalin Afirka ta Yamma da Misiriyya na Kordofan. Akwai cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta ci gaɓɓan mai ita. Mafi mugunta ita ce wadda ke farawa da ciwon maƙogwaro a yaro ɗan shekara 5 zuwa 15. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Iyaye su ga ya lafa su yi hamdala, alhali cutar ta koma kan ƙofofin zuciya. Bayan shekaru sai a ga budurwa tana haki, ko mai ciki ta rasu wajen haihuwa. Maganin farkonta penisilin ne mai araha, wanda kuma ta riga ta taɓa shi, allura ɗaya duk mako uku ko huɗu na kare zuciyarsa.

Canji ya soma daga Wad Madani. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, ta tsara karatun likitancinta bisa bukatun karkara, ta riƙa fitar da ɗalibai su zauna a ƙauyuka, su ƙirga gidaje, su ga mara lafiya a kan tabarmarsa. A matakin nahiya kuma, likitocin gaɓɓai na Afirka sun kafa ƙungiyarsu, AFLAR, a 1989, a lokacin da ƙasashe da dama ba su da ƙwararre ko ɗaya a fannin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka 'yan ƙalilan ɗin suka koma koyar da likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya yadda za su bambance wannan amosani da wancan.

Misali biyu sun nuna amfanin haɗa kai. Na farko shi ne cutar da mutanen Sudan ke kira nabit: ƙaya ta soki ƙafar manomi, ƙwayar cuta ta shiga, kumburi ya yi ta girma ba zafi har ya cinye ƙashi a yanke ƙafar. Jazira da Sinnar na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya jagoranci cibiyar binciken wannan cuta da aka buɗe a asibitin Soba a 1991, ya riƙa kai ayarin likitoci ƙauyukan gabashin Sinnar irin su Wad Onsa, har a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Na biyu shi ne ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon gaɓɓai. A 2007 ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe asibitin Salam a Soba, inda ake gyara ƙofofin zuciya kyauta. Daga 2012 kuma likitocin zuciya irin su Farfesa Sulafa Ali suka haɗa hannu da ma'aikatar lafiya don horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan ciwon maƙogwaron yara.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Likitocin Khartum da yawa suka gudo Wad Madani da majinyatansu, ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba na shekarar, sojoji ba su ƙwato ta ba sai Janairu 2025. Kafin nan, rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya riga ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Ga mai ciwon da ke bukatar allura duk wata, gudun hijira na wata shida kaɗai ya isa ya rusa abin da aka kare shekara biyar. Gine-gine sun lalace, ƙwararru sun watsu zuwa Masar da ƙasashen Larabawa. Abin da ya fi saura shi ne ilimin da aka riga aka zuba a kan ungozoma da ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye.

Mu da ke Kano ko Maradi, wannan labarin 'yan uwanmu ne na jini, kuma cututtukan su ne namu. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da abin da 'yan agajin ƙetare ba su da shi, wato harshen da uwa a Mai Wurno za ta ji. Bayani na minti uku da Hausa, a kan bambancin ciwon gwiwar tsufa da gwiwar yaro mai yawo bayan ciwon maƙogwaro, zai iya tafiya a WhatsApp daga Fagge zuwa Sinnar cikin dare ɗaya. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.