Tsakanin Mahalbi da Barewa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san barewa tun bai gan ta ba. Ya ji ta cikin karin magana, inda aka ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya kuma ji ana kwatanta idon kyakkyawar budurwa da nata. Malaman faransanci ma da ita suke fita kunya idan suka ci karo da cerf cikin tatsuniyoyin La Fontaine, ko da yake wannan dabba mai ƙaho kamar rassan itace, wadda ke zubar da shi duk shekara wani ya tsiro, ba ta taɓa zama dajinmu ba. Namu su ne barewa da gada da mazo da mariya da kanki da gwanki, sai mena da mariri can arewa. Al'ummar da ta so barewa har haka ita ce kuma ta daɗe tana cin namanta, ba tare da ta ga wani saɓani ba. Yadda magabata suka haɗa so da kisa cikin zuciya ɗaya, da yadda wannan haɗi ya warware cikin ƙarni guda, tarihi ne da ya cancanci a tsaya a kansa.

Halbi sana'a ce ta gado, kuma tana cikin mafi tsufa. Tarihin Kano ya buɗe da Barbushe, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Labarin baka ya danganta kafuwar Haɗeja ga wani mahalbi Haɗe da matarsa Jiya, kuma ƙauyuka da dama daga Gobir zuwa Damagaram suna da irin wannan labari: mahalbi ya bi sawu, ya tarar da ruwa, ya kafa bukka, mutane suka biyo shi. Mahalba na da shugabansu, sarkin baka, da kiɗansu da kirarinsu da wasansu, inda suke kwaikwayon tafiyar namun dawa har mai kallo ya rasa bambance mutum da dabba.

Wannan kwaikwayo daga aikin ya fito. Kibiya ba ta da dogon zango, barewa kuwa ga ido ga hanci ga ƙafa. Dole mahalbi ya kusance ta ƙwarai kafin ya ja baka. Sai ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe jiki, ya durƙusa yana rarrafe yana sassarar ƙasa kamar tsuntsun na neman abinci, iska na bugun fuskarsa don kada ta kai warinsa ga garke. Ana iya shafe rabin yini a haka. Mutumin da ya yi rabin yini cikin garke ya san wadda ke da ciki, ya san mai shayarwa, ya san tsohon namijin da aka kora gefe. Kafin ya saki kibiya ya riga ya zaɓa, kuma ya san wadda ya zaɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka dukan abin da ake yi a daji haka yake da natsuwa. Ban da halbi akwai farauta, wadda samarin gari da gari ke fita da karnuka da kulake da gatura, a cinna wa ciyawa wuta, a kashe duk abin da ya fito, wani lokaci a ƙare da fasa kawunan juna a kan zomo ɗaya. Sai dai ita ma tana da lokacinta. A wurin Azna, daji yana da masu shi, namun dawa kuwa dukiyar mutanen ɓoye ce, kamar yadda awaki suke dukiyar mutanen gari. Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin al'ummar kwarin Maraɗi ya kuma fitar da babban littafinsa a 1975, ya bayyana bikin buɗin daji da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Sunan kansa ya isa shaida: abin da ake buɗewa, da can a rufe yake. Wanda ya ɗauki naman daji ɗaukar abin wani ya yi, sai da izini, sai da tsari, kuma akwai namun da ba a kusantar gawarsu kai tsaye. Can yamma, cikin fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1965 kan mahalban zaki na ƙasar Songai, ana ganin mahalba suna lallashin dabbar da dafi ya kama, suna yi mata kirari har ranta ya fita. Tsoro ne ko tausayi? Mai yiwuwa su kansu ba su raba biyun ba.

Musulunci bai rushe wannan ladabi ba, sai ya ba shi wani harshe. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Tawa har Damagaram, ta halatta farautar neman abinci, ta kuma karhanta wadda ake yi don nishaɗi kawai. Ta shar'anta ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya ko kare, kuma idan an riski dabba da sauran ranta, ba a yi mata mummunan rauni ba, sai an yanka. A nan wata matsala ta taso wadda ta shafi mahalbinmu kai tsaye. Kibiyarsa dafi gare ta, wanda ake dafawa da ƴaƴan kwankwani, kuma aikinsa tsayar da zuciya. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Halil, ba su yarda a ci abin da aka halba da makami mai dafi ya mutu ba, don ba a san ko rauni ne ya kashe shi ko guba ba. Saboda haka mahalbi musulmi ba ya da damar zama ƙarƙashin itace yana jiran dafi ya gama aiki. Dole ya bi jini da gudu, ya riski barewa tana numfashi, ya danne ta da gwiwa, ya sa wuƙa da hannunsa, idon nan da mawaƙa ke yabo yana kallonsa. Hukuncin fiƙihu ne, ba don tarbiyyar zuciya aka yi shi ba, amma abin da ya haifar ke nan: babu mai cin wannan nama ba tare da wani ya dubi fuskar mai shi ba. Daga nan a yanke wurin da kibiya ta shiga a jefar, a kai sauran gida, a raba wa maƙwabta.

Zuwan Turawa ya canja ma'auni. Faransawa sun san zafin wannan magana a gidansu, domin kafin juyin 1789 farauta haƙƙin masu sarauta ce, talaka na kallon namun daji suna cin hatsinsa ba ya da ikon taɓa su, kuma soke wannan gata na cikin abin da aka zartar a daren 4 ga Agusta na shekarar. Amma a ƙasashen da suka mallaka sai suka kafa lasisi da kuɗin da Bature ke iya biya, mahalbin gado ya koma mai laifi cikin dajin kakansa. Yarjejeniyar Landan ta 1933 ta hana bin dabba da mota ko jirgin sama, ta kuma hana dafi da wuta da ramin tarko, wato ta zuba mai mota da mai kibiya cikin kwando ɗaya. Dokar farauta ta 18 ga Nuwamba 1947 ta biyo baya, aka kafa gandun W a 1954, sannan na Gadabeji, arewa da Dakwaro, a 1955, mai faɗin hekta 76.000, musamman don mariri da bareyi.

Takarda ba ta tsayar da mota ba. Mariri, wanda Abzinawa ke yin garkuwa da fatarsa, yana iya watanni bai sha ruwa ba, amma ba ya jure doguwar kora cikin zafi. Mai mota ba ya bukatar burtu ko sanin iska; ya bi garke har ya faɗi, ya buɗe wuta daga kan kujera. Ba ya zaɓe, don bai san su ba. Gaskiya ne ba bindiga kaɗai ta cinye daji ba. Mutanen Nijar da ba su kai miliyan 4 ba a 1960 sun haura miliyan 25, gonaki sun tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, rijiyoyin burtsatse sun kai garkunan shanu inda da sai namun dawa, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Gwamnati ta rufe farauta cikin shekarun 1970, daga baya dokar 29 ga Afrilu 1998 ta sake tsara ta. A shekarun 2000 an ga ayarin manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa suna shiga arewa da shahuna da motoci don kamun tuje, bareyi ma ba su tsira ba.

Sakamakon a lissafe yake. A 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya. Sai a 2016 aka sake sakin waɗanda aka kiwata a tsare cikin gandun Wadi Rime na Cadi, inda suka hayayyafa har aka cire shi daga wannan matsayi a 2023. A Nijar bai dawo ba. An kafa gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012, amma ƙidayar da aka yi a yankin a 2016, bayan shigar aikin man fetur na Agadem, adaks uku kacal ta gani. Mena kuwa, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta ɗauki sunanta ta je da shi gasar Afirka a 2012 da 2013, ƴan ɗaruruwa kaɗan suka rage a daji a duk duniya.

Doka suna ɗaya take ba magidancin da ya kashe gada cikin watan yunwa da wanda ya cika mota da bareyi don kasuwa. Risala ta raba su, tsofaffin mahalba ma sun raba su, kuma a ganina har yanzu sun fi dokar gaskiya ta fuskar niyya. Sai dai hujjar magidancin ta dogara ne ga dajin da ke iya mayar da abin da aka ɗauka, kuma a wurare da yawa wannan daji babu shi. Yawancin ɗalibanmu na Maraɗi da Damagaram, in sun taɓa ganin barewa da rai, a tsakar gidan wani mai hali suka gan ta, da igiya a wuya, tana cin dusa tare da tumaki. Tun tana ƴar ƙarama ake kawo ta, kuma sau da yawa ba a samun ƴar sai an kawar da uwar.